Banki ya hana ni, amma ba bankin nake jin haushi ba

Azumin 2023 ne, muna kwana biyar da kamawa, injin janaretan shagona ya buga. Duk wanda ya san harkar ɗinki a Kano ya san me hakan ke nufi, wata ɗaya tela yake da shi a shekara da zai cike ramukan sauran watannin, shadda da yadi sun cika shago har saman kabad, kowa ya kawo nasa da na 'ya'yansa wani har da na ƙannen matarsa, kuma kowa ka yi masa alƙawarin ashirin ga wata. Wuta kuwa kun san halinta, in ta zo ƙarfe biyun dare kafin ka zura zare ta ɗauke. Ga shi lokacin ba mu gama farfaɗowa daga masifar canjin kuɗi ba, mutane sun sha kwana a layin ATM, mai POS ya zama sarki, kwastoma ya ce maka ya tura amma alat sai bayan kwana uku ko ma ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Naira 150,000 nake nema in cika in sayi wani injin. Ba miliyan ba fa. Kuma na san in Allah ya kai mu sallah kuɗin ɗinkin da ke jibge a shagon nan kaɗai ya ninka haka.

Shekara tara ina da akawun a wani banki, duk abin da na samu nan yake shiga, don haka da ƙarfin gwiwata na saka farar shadda na tafi. Wani matashi ne ya saurare ni, mai kirki wallahi, ba zan yi masa ƙarya ba, har kujera ya jawo min. Ya ce "Malam, albashi na shigo maka ta nan?" Na ce a'a yallaɓai, ni tela ne. Ya ce shagon yana da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni? Na ce babu. Takardar gida ko ta fili? Gidan haya nake. Ma'aikatan gwamnati biyu da za su tsaya maka? Na yi shiru ina lissafin ma'aikatan da na sani, ɗaya malamin firamare ne wanda shi kansa ina binsa kuɗin ɗinkin bara. Ya ɗan daddanna kwamfuta ya ce "gaskiya Malam sistem bai ba ka ba, kuma ko na tura ba a nan ake sa hannu ba, sai Legas." Na fito na tsaya bakin titi ina jiran a daidaita sahu, bakina a bushe, ina ta ninke fom ɗin da ya ba ni har ya koma kamar laya. Washegari na gwada wani ƙaramin banki, irin na masu ƙananan sana'a, su kuma suka ce sai na shiga gurup na yi ajiya ta wasu makonni tukunna a san ni. Sallah saura sati uku da 'yan kwanaki.

Na daɗe ina zagin banki a kan wannan, duk majalisar da na zauna sai na ba da labarin. Amma yanzu na daina, ba don sun yi min daidai ba, sai don na gane kamar ka je chemis ne kana faɗa don ba su sayar maka da siminti ba. Banki ba don irina aka gina shi ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba, mu ne muke yaudarar kanmu da tallan da muke ji a rediyo.

Ka duba lissafinsu mana. Aikin da ma'aikaci zai yi ya binciki mai neman 150,000 shi ne dai aikin da zai yi a kan mai neman miliyan 150, fom ɗaya, zirga-zirga ɗaya, in kuma ka gudu kuɗin lauya ya fi bashin yawa. Sannan bayan shekarar ma abin ya ƙara tsauri, a 2024 Babban Banki ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamba, kuma ya ce duk naira 100 da aka ajiye a bankin kasuwanci sai an kulle 50 a wajensa. Ragowar kuma ga gwamnati can a lokacin tana karɓar bashi a hannunsu tana biyan sama da kashi 20 a shekara, ba gudu ba jayayya ba "ka dawo jibi". To don Allah in kai ne manaja, gwamnati za ka ba ko wani tela a Gwammaja da ba shi da ko risit? Abin da kawai zan ci gaba da faɗa shi ne maganar "sai Legas" ɗin nan tana min ciwo, kuɗinmu ake tarawa a Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari, amma mai cewa e ko a'a yana can inda bai taɓa ganin yadda azumi ke mayar da shagon tela ba. Da muna da Bankin Arewa mai hedikwata a nan cikin Kano, bayan dokar Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ta jarin biliyan 25 ya narke cikin haɗakar da ta haifi bankin Unity a 2006, shi ke nan. Bankunan da ba sa harkar ruwa kuma, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012 har waɗanda suka biyo baya, sun cire mana damuwar riba kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma su ma bankuna ne, kaya suke saya su sayar maka da ribarsu a bayyane, kuma dole su nemi takardu da mai tsaya maka, don kuɗin mutane ne a hannunsu ba sadaka ba.

Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, yaushe ma Bakano ya fara jiran banki kafin ya juya kuɗi? Garin nan da amana ya yi arziki. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba manaja ne ya sa musu hannu ba. Labarin Alhassan Ɗantata kowa ya san shi, da aka buɗe reshen bankin Turawa a Kano a 1929 shi ne ya kai musu kuɗin azurfa a kan raƙuma, wato mu muka fara kai wa banki, ba shi ya fara ba mu ba, kuma shi kansa da bashin da yake ba wakilansa na sayen gyaɗa kasuwancinsa ya bazu. Har gobe ka shiga Kantin Kwari ka ga yaro ya ɗauki dilar atamfa ta miliyoyi da kalma ɗaya, "Alhaji zuwa Alhamis", ya wuce. Wato rance bai mutu a sama ba. A ƙasa ya mutu, wajen mu masu neman dubu ashirin da dubu hamsin da dubu ɗari, kuma nan ne 'yan lon, masu ba da bashi ta manhajar waya, suka samu ƙofa a buɗe suka shigo.

Ni ma na faɗa, ba zan ɓoye ba, Allah ya yafe min. Daren da na dawo daga banki na biyu, bayan tarawi, wani yaron shagona ya nuna min wata manhaja a waya, ya ce "Oga minti biyar ne." Kuma minti biyar ɗin ne. Na sa BVN, na ɗauki hoton fuskata, ta tambaye ni izinin shiga lambobin wayata da hotunana na danna e ban ko karanta ba, wa yake karatu yana cikin wannan hali. Suka ce sun ba ni 40,000, abin da ya shigo 34,000, abin da zan biya bayan kwana 14 kuma 44,000. Na san riba ce tsagwaronta, na ce wa zuciyata lalura ce, kun san yadda mutum ke zama muftin kansa in ya matsu. Daga baya ne na zauna da biro na buga, dubu goma a kan dubu talatin da huɗu cikin sati biyu, in ka ja shi zuwa shekara ya haura kashi 700 cikin ɗari. Kuɗin na kai wa bakanike ya lallaɓa tsohon injin, ya yi kwana takwas ya sake bugawa. Tsugune ba ta ƙare ba kenan.

Ranar biya ta zo, kwastomomi ba su fara karɓar kaya ba balle su biya, na makara kwana uku. Kwana uku kacal. Ina kan keke da hantsi sai ga kiran surukina, mutumin da tunda na auri 'yarsa bai taɓa kirana da kansa ba sai dai ya aiko. Na miƙe tsaye kamar yana gabana na ce "Baba barka da hantsi, ya ibada?" Ya ce "Lafiya lau. Kai, wani saƙo ne ya shigo min da Turanci, na sa yaro ya karanta min, wai kai ɓarawo ne ka gudu da kuɗin kamfani, wai kuma ni ka sa na tsaya maka. Lafiya kuwa?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Saƙon nan ya je wa limamin unguwarmu, ya je wa kwastomomina, ya je wa wata mata da na taɓa yi wa ɗinkin yara sau ɗaya shekara huɗu da suka wuce, har da hotona. A garin da mutunci shi ne jarin talaka, waɗannan mutane sun gane abin da banki bai gane ba, cewa muna da jingina, sunanmu ne jinginar, shi suka karɓa kuma shi suka yi gwanjonsa.

An ce hukuma ta yi wani abu, kuma ta yi ɗin, hukumar kare haƙƙin masu saye wato FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, ta fito da tsarin yi musu rajista a shekarar, Google kuma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan an gama da ni, ihu bayan hari. An kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin shekarar. Duk da kyau. Amma wanda aka kora daga Play Store sai ya canja suna ya dawo ta linkin WhatsApp, kuma ko an kama su duka gobe da safe, mutumin da matarsa ke kan gadon asibiti ana jiran dubu arba'in na aiki bai daina buƙatar dubu arba'in ba. Yunwa ce ta kawo su, ba dabararsu ba.

Wadda ta fitar da ni Goggona ce, yayar mahaifina, tana cikin gari, ta haura saba'in, ba ta taɓa taka ƙofar banki ba amma uwar adashi ce tun ina yaro. Saƙon ya shiga wayar jikanta ya karanta mata, ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma tana tsinke zogale, ko kallona ba ta yi ba ta ce "Kai ɗan nan, mun mutu ne?" Na ce a'a Goggo. Ta ce "To me ya kai ka cin kuɗin mutanen da ba su san ubanka ba?" Na fara kame-kame ta ce in rufe mata baki. Ta sa aka kira wata maƙociyarta da ɗaukar adashi ta faɗo kanta a satin, ta roƙe ta ta yi haƙuri a yi musanya zuwa bayan sallah, matar ta yarda. Sai Goggo ta ɗaga ƙasan katifa ta ciro wani littafi mai bangon leda duk ya sha manja, ta ce jikan ya rubuta, sunana, 150,000, zan riƙa kawo 15,000 duk Juma'a daga sati na biyu bayan sallah har sati goma, ta sa maƙociyar da wani ɗan ɗakinta suka shaida, ta ce in sa hannu. Na ɗan yi dariya na ce haba Goggo, ni ne fa. Ta ce "Don kai ne. Bare in ya cinye na kai shi wajen mai unguwa, kai in ka cinye zumunci za ka cinye."

To me ya sa ban je wajenta tun farko ba? Me ya sa mutum zai gwammace ya miƙa BVN ɗinsa ga wanda bai sani ba da ya buɗe baki ga ɗan uwansa? Kunya na ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Gaskiyar da ba ma son faɗa ita ce mun kashe rance da hannunmu, mun yi taurin bashi har ya zama ɗabi'a, yanzu in ka ce wa mutum "ranta min" abin da kunnensa ke ji shi ne "ba ni kyauta amma kada ka sa ran godiya". Ranar karɓa mutum har da rantsuwa da hawaye, ranar biya kai ne za ka koma mai bara, ka kira ba ya ɗauka, ka gan shi a ɗaurin aure ya sha sabuwar gezna yana maka wani kallo kamar kai ka ci nasa, in ka matsa a ce ba ka da mutunci, kan dubu talatin kake neman tona wa bawan Allah asiri. Wanda aka yi wa haka sau biyu sau uku ya rufe ƙofa, kuma wanda zai zo na huɗu da lalurar gaske da niyyar biya shi zai kwashi hukuncin. Muna cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, mun mayar da karin maganar lasisin ƙin biya. Ni kaina da nake wannan surutun akwai littafi a shagona na kuɗin ɗinki da ake riƙe min tun kafin korona, kuma laifi tudu ne, akwai mai sayar min da zare da maɓalli a Kwari da na ja wa dubu goma sha biyu wata bakwai alhali ina da halin biya, kawai don bai matsa ba. Hadisin da ya ce jinkirin mai hali zalunci ne ba da attajirai kaɗai yake ba.

Gwamnati ma ta taya mu lalacewa. Da aka zo da TraderMoni a 2018, dubu goma-goma ana rabawa a kasuwanni dab da zaɓe, bashi aka ce, amma wa ya ɗauke shi bashi? Kowa cewa yake rabonsa ne na man fetur. Haka lamunin korona na 2020 da aka bi ta bankin NIRSAL, mutane suka karɓa wasu suka ƙara aure wasu suka sayi babur, da aka fara cirewa daga akawun ta tsarin GSI, wanda ya ba mai bin bashi damar bin BVN ɗinka ya ɗebi kuɗi a duk bankin da ka ajiye, sai ihu ya tashi wai zalunci. 'Yan siyasa sun koya mana cewa bashi wani abu ne da ake yafewa in an yi surutu, mu kuma muka kwaso darasin muka shigo da shi cikin gida.

Cikin gida kuwa, bari in taɓo inda zai yi wa 'yan uwana maza zafi. Babban bankin talakan Kano matarsa ce. Ita ce ba ta tambayar CAC, ita ce za ta cire 'yan kunnenta da sarƙarta ta ba ka ka kai wajen masu gwal, ta sayar da akuyarta, ta ba ka ɗaukar adashinta da ta yi wata goma tana zubi da kuɗin awara da ƙullin omo. Kuma ita ce ba a biya. "Ai ni da ke ɗaya ne." Ɗaya ne har ranar da za ka samu kuɗi ka tuna kana son ƙarin aure. Ku zauna da mata ku ji, kusan kowace tana da labarin gwal ɗin da ya tafi jari bai dawo ba. In mutum bai biya wadda suke kwana ɗaki ɗaya ba, wane garanto ne zai sa ya biya wani?

Shi ya sa littafin Goggo ya tsaya min a rai. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ba a kan sallah take ba, ba a kan azumi ba, a kan bashi take, a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ƙarami ne ko babba. Muna jin ta duk shekara a tafsiri muna gyaɗa kai, amma ka ciro takarda ka ga yadda fuskar mutum za ta canja, "au ba ka yarda da ni ba kenan?" Mun mayar da umarnin Allah cin fuska. Kuma ayoyi biyu kafin ita aka ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, wato abin hannu biyu ne, mai karɓa ya ɗaure kansa da rubutu, mai bayarwa ya yi sassauci in ta ƙure da gaske. Mu mun yar da na farkon muna neman na biyun.

Abin da nake ganin ya kamata, kuma ba sabon abu na ƙirƙiro ba, shi ne littafin nan ya fito daga ƙarƙashin katifa ya zama tsari. A Pakistan wani likita mai suna Amjad Saqib ya fara wata ƙungiya, Akhuwat, a Lahore a 2001, rance ba ruwa, kuma a cikin masallatai ake miƙa kuɗin a gaban jama'a, da rance ɗaya ga mace ɗaya aka fara, yau miliyoyin mutane sun amfana kuma kuɗin na dawowa. Ba wani sihiri a ciki, wanda ya karɓa a gaban sahun da yake sallah kullum ya san idon da ke kansa. To Kano me muka rasa? Masallatai nawa ne a unguwarku? Ana tara kuɗin tayil da na AC da na canja kafet ɗin da bai tsufa ba, a gina wani masallacin taku hamsin daga wani, amma babu asusun dubu ɗari biyar da mai shayi ko mai facin taya ko bazawara mai 'ya'ya huɗu za su ranta su dawo da shi. Ƙungiyoyin kasuwa da na sana'a, har da tamu ta teloli, ana karɓar kuɗin wata-wata amma ba ka jin amfaninsu sai an yi rasuwa ko gobara ko zaɓen shugabanni. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma masu bashi suna cikin kashi takwas ɗin da aka ambata a rabon zakka, ita zakkar dai mallaka ake yi ba rance ba, wannan fagen malamai ne, amma hubusi fa? Attajirin da zai kai mutum talatin Umara a azumi, da zai ajiye kuɗin kujera biyar kawai a matsayin wakafin rance a unguwar da aka haife shi, kuɗin zai yi ta zagaye yana fitar da mutane daga hannun 'yan lon shekara da shekaru.

Na san me za a ce, don an faɗa min a majalisa. Za a cinye. E, in aka yi shi irin yadda muka saba, a damƙa wa mutum ɗaya don yana da gemu ko don ɗan gidan wane ne, ba littafi ba bincike, za a cinye har da kwano, kuma masu karɓa za su ce ai kuɗin Allah ne. Sai an yi shi da rashin kunya irin ta Goggo, mutum uku masu sa hannu, a fara da kaɗan, wanda ya biya dubu ashirin a kan lokaci shi ake ba hamsin, wanda ya ƙi biya yana da hali a rufe masa kuma a gaya wa wanda ya tsaya masa, a karanta lissafi a fili duk wata. Kuma a tambayi mutum me zai yi da kuɗin, don gaskiya ba kowane "na matsu" ne matsuwa ba, wanda zai ci bashi don anko da kayan gara da ɗaukar hol na dina ba asusun masallaci ne zai ɗauki nauyinsa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi kuma ba ni da cikakkiyar amsarsa, faɗuwar darajar naira. Wanda ya ranta maka 100,000 kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ka dawo masa da ita bayan shekara, wallahi ba abin da ya ba ka ka mayar masa ba, hauhawar farashi ta kusa kashi 35 a ƙarshen 2024, buhun da kuɗin ke saya da ya koma rabi. Mai ba da rance yanzu asara yake yi ko an biya shi cif. Shi ya sa dole rancen ya zama gajere, sati takwas sati goma, ba a ja shi shekara ba, ko kuma a ranta kaya a mayar da kaya, buhu da buhu. Sauran giɓin kuma sai a ɗauke shi a matsayin abin da aka ba Allah, wanda ke neman riba ga kasuwa nan.

Af, kafin in manta, akwai wasu ɓarayin da suka fi 'yan manhaja rashin imani, masu tallan "lamuni ba jingina" a Facebook da suke cewa ka fara tura dubu biyar kuɗin fom, ko ka karanto musu lambar da ta shigo wayarka. Yaron shagon nan da ya nuna min manhaja, su suka wanke shi bara, dubu sha takwas ɗin da yake tarawa na sayen waya.

Na gama biyan Goggo a sati na goma sha ɗaya, na makara sati guda saboda rasuwa da aka yi mana, na je da kaina na faɗa mata kafin ranar ta ce ba komai, ta sa jikan ya rubuta a gefe. Ranar da na kai na ƙarshe ta sa aka ja layi a kan sunana da jan biro a gabana, ta ba ni ƙullin daddawa in kai wa mai ɗakina. Surukina kuwa har yau bai sake tayar da maganar saƙon ba, ni ma ban tayar ba, amma duk sanda na je gaishe shi sai na ji kamar wayar tana aljihunsa a buɗe.

Satin da ya wuce wani maƙocin shagona mai gyaran waya ya shigo bayan la'asar yana ta sosa ƙeya, ya ce "Yaya, dubu ashirin da biyar nake nema zuwa ƙarshen wata, kuɗin makarantar yara." Na ce ba matsala, na jawo durowa na ciro kuɗin, na ciro littafin da na saya musamman, na kira mai shayin ƙofar shago ya zo ya shaida. Ya kalli littafin ya kalle ni ya ce "Haba Yaya, har da rubutu?" Na ce har da rubutu. Ya ɗan tsaya, ya ce bari ya je ya dawo. Kuɗin na nan a durowa na ɗaure su da kyauro, yau kwana shida, muna gaisawa dai kullum da safe.